Rana ko taurarin nesa: da wanne mai kyamara a Nima zai fara?

DanNima_Hoto:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Canon da yayana ya bar mini, da lens mai kai wa milimita 300, da mai ƙafa uku. Da ita nake ɗaukar suna da awure a unguwa. Amma kwanan nan sama ce ta shiga raina. A ganina, a nan Ankara, babban birnin Gana, neman hoton taurarin nesa ɓata lokaci ne. Fitilun titi, fitilun shaguna, na masallatai, duk sun cinye duhun. Ka hau bene da dare, 'yan taurarin da za ka gani ba su taka kara sun karya ba. Shi ya sa na ce bari in koma kan rana, tunda ita ba mai ɓoye ta. Tambayata biyu. Idan hazo ya yi kauri lokacin hunturu, rana takan yi fari fat har ido na iya kallonta, to zan iya ɗaukarta haka ba filta? In ba zai yiwu ba, gilashin masu walda zai yi?

Hajiya_Nas:
Ƙanena, don Allah kada ka kuskura. Ina aiki a ɓangaren ido, kuma wannan tambayar ta tayar mini da hankali. Tantanin da ke can bayan ido, wanda ke karɓar haske, ba shi da jijiyar jin zafi. Yana ƙonewa ba ka sani ba. Sai bayan sa'o'i mutum ya fara ganin baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla, wani ya warke a hankali, wani ya zauna da shi. Hazo yana rage hasken da kake gani ne, ba ya ba ka tabbacin ya tare wanda ba ka gani. Balle ka haɗa da lens mai tattara haske wuri ɗaya.

Walda_Suame:
Ni sana'ata ce walda, a Suame Magazine. Gilashin yana da lamba. Abin da akasarinmu ke sawa lamba 10 ne ko 11, kuma wannan bai isa kallon rana ba. Lamba 14 ake so, ita kuwa ba kowane shago ke da ita ba. Wani gilashin ma babu lamba a jikinsa sam. Ko ka samu 14 ɗin, na ido ne kai tsaye, hoton da zai ba ka kore ne kuma ba shi da kaifi.

DanNima_Hoto:
Na gode Hajiya, na gode maigida. Na ajiye maganar hazo. To mene ne na gaskiyar?

Malam_Falaki_Tafo:
Wa alaikumus salam. Abin da kake nema wata 'yar takarda ce mai sheƙi, Baader AstroSolar, ana sayar da ita falle-falle girman takardar ofis. Iri biyu ce, ka kula sosai. Mai lamba 5.0 tana barin kashi ɗaya cikin dubu ɗari na hasken ya wuce, ita ce ta ido da kyamara duka. Mai lamba 3.8 ta kyamara ce kaɗai, ba a sa mata ido. Kai ka sayi 5.0 ka huta. Ka yanka kwali ka yi mata zobe daidai bakin lens ɗinka, ka ɗaura ta a GABA, ta inda haske ke shiga, ka kama da salatif yadda iska ko hannun yaro ba zai fizge ta ba. Kada ka ja ta ta yi tsam, 'yar tattarewa ba ta ɓata hoto. Duk ranar da za ka yi aiki ka fara ɗaga ta ga fitila, in ka ga huda ko ƙanƙanuwa ce, ka canza. Kuma ka riƙa duba allon bayan kyamara, ka bar leƙen ramin ido.

Da milimita 300 faifan rana zai fito wajen milimita 2.7 a kan sensa, wato farantin cikin kyamara da ke karɓar hoto. Ƙarami ne, amma ya isa ka ga baƙaƙen tabon da ke jikinta.

Abu_Fadama:
Malam, tabon nan mene ne ainihinsa? Wani ya ce mini ramuka ne.

Malam_Falaki_Tafo:
Ba ramuka ba ne. Wurare ne da ƙarfin maganaɗisu ya taru ya hana zafi tasowa daga ciki. Fuskar rana tana wajen digiri 5,500, tsakiyar tabon kuma bai kai 4,000 ba, shi ya sa yake fita baƙi kusa da sauran. Yawansu yana hawa yana sauka duk shekara 11 ko kusa da haka. Zagayen da muke ciki, na 25, ya fara a Disamba 2019, ya kai ƙololuwa wajen 2024. A Mayu 2024 an yi wani gungun tabo mai girman da masu gilashin kusufi suka gan shi ba tare da wata na'ura ba. Abin da na fi so a wannan aiki shi ne ka ɗauka yau, ka ɗauka jibi, ka ga tabon ya matsa gefe. Da idonka ka ga rana tana juyawa, wajen kwana 27 take kammala zagaye a yadda muke ganinta daga nan.

Yar_Madina:
Duk na yarda da maganar filta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne farkon maganar DanNima, wai taurarin nesa ɓata lokaci ne a Ankara. Yaya, ba haka ba ne. Idonka ne ba ya gani, kyamara tana tarawa. Ni daga saman gidanmu a unguwar Madina, nan Ankara, na ɗauki gajimaren gas da ke cikin gungun taurarin Orion, wanda ake kira M42, ba da wata babbar na'ura ba. Kyamara a kan mai ƙafa uku, lens milimita 135, kowane hoto daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, a ɗauki ɗaruruwa, sannan a jibga su kan juna da manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne. Hoto ɗaya ba komai a cikinsa sai yashi-yashi. In ka haɗa ɗari, tsabtarsa ta ninka goma. In kana son ninka wannan sau biyu, sai ɗari huɗu. Ranar da launin ja-ja ya fara fitowa a allon kwamfutata, na kira mahaifiyata ta zo ta gani. Hasken ya yi sama da shekara 1,300 yana tafe kafin ya shigo kyamarar.

Kuma mu nan Allah ya ba mu abin da 'yan Turai ba su da shi. Orion kusan ta saman kanmu yake bi.

DanNima_Hoto:
Madina ba Nima ba ce, ƙanwata. Ku kuna da ɗan sauƙi ta wajen Aburi. Mu a tsakiyar wutar muke.

Yar_Madina:
Ka zo ka ga kasuwar Madina da dare tukuna.

Zongo_Boy_Asawase:
Ni dai na lura duk daren da aka yi dumsor, wato aka ɗauke wuta, a unguwa sama takan cika da taurari. Ashe suna nan.

Injiniya_Kanda:
Ku biyun kowa na da rabin gaskiya. M42 yana da haske ƙwarai, shi da Kaza da 'Ya'yanta za su fito ko a Nima. Amma ka ce za ka ɗauki galaksi, wato babban tarin taurari mai nisan gaske, mai dishi-dishi daga can, za ka sha wuya. Tsofaffin filtocin rage hasken gari an yi su ne don fitilun titi masu ruwan lemo, waɗanda haskensu launi ɗaya ne, a tare shi a wuce. Fitilun LED na yanzu suna zuba kowane launi, ba abin da za ka tare. Abin da ke aiki yanzu shi ne filta mai barin siraran launuka biyu kawai, na haidurojin da na oksijin. Da ita gajimaren gas yana fitowa daga tsakiyar birni. Galaksi kuwa ba ta amfana da ita, don haskenta na taurari ne.

Wata matsalar kuma kalanda ce. Orion yana hawa da daddare daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da ƙura ta rufe sama. Dabarar ita ce ka riga hunturu. A Oktoba da Nuwamba yana tsakiyar sama tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare, ruwan sama ya wanke iska, mutane da yawa sun kashe fitila. Ka gama kafin kiran assalatu.

Abu_Fadama:
Injiniya, wannan filtar haidurojin ɗin, ba ita ce ake ɗaukar harsunan wutar da ke gefen rana da ita ba? Sai mutum ya sayi ɗaya ya yi aiki biyu.

Injiniya_Kanda:
A'a! Ka ji ni da kyau, a'a. Suna ɗaya, aiki daban. Ta dare ba ta tare zafin rana ko kaɗan, za ta fashe ko ta ƙone maka sensa, in ido ne kuma shi ke nan. Harsunan wutar ana ganinsu ne da na'ura ta musamman irin Lunt ko Coronado, wadda tagar haskenta ta fi ta dare ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma tana da matakan tare zafi a ciki. Kuɗinta ma ba na mai farawa ba ne.

Alhaji_SabonZongo:
Yara, kun tuna mini da 29 ga Maris 2006. Da yawanku kuna firamare. Da safe ne, bayan ƙarfe tara kaɗan, rana ta rufe ruf a nan Ankara kusan minti uku. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, aka ga farin haske ya kewaye baƙin faifai. Liman ya ja mu sallar kusufi, wasu na kuka. Ba ni da kyamara a lokacin, kuma har yau ban ga hoton da ya kai abin da idona ya gani ba. Amma ina jin daɗi da na ga 'ya'yan Zango suna neman wannan ilimi. Da can in an ce wata ya yi zazzaɓi, gwangwani muke bugawa.

Hajiya_Nas:
Baba Alhaji, a wancan lokacin mutane sun yi ta kallo da fim ɗin hoton ƙirji da gilashin da aka shafa wa hayaƙin kyandir. Duka biyun ba kariya ba ce. Gilashin kusufi na gaske yana ɗauke da lambar ISO 12312-2. Shi ma na ido ne kawai, ba a sa shi a leƙa cikin na'urar hangen nesa.

Malam_Falaki_Tafo:
Mai niyya ya fara tari tun yanzu: 2 ga Agusta 2027 akwai cikakken kusufi da zai bi ta Maroko, Aljeriya, Libiya, Masar, ya ratsa Jidda da Makka. A wajen Luxor zai wuce minti shida.

Bawan_Allah_77:
Ni tambayata daban ce, kada a ji haushi. Wannan bin taurari da lissafin ranar kusufi, bai shiga duba ba? Na ji malamai suna tsoratarwa.

Ustaz_Aboabo:
Tambaya ce mai kyau, ɗan'uwa. Abin da aka hana shi ne ka ce tauraro kaza ya nuna za ka yi arziki ko wane zai mutu. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, sai ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Lissafin tafiyarsu kuwa da shi muke sanin lokutan salla. Galaksin Andromeda da waɗannan matasa ke ɗauka, Abdurrahman as-Sufi ya siffanta ta da ɗan ƙaramin gajimare tun wajen shekara ta 964.

In ƙara muku wani amfani. A 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 9:18 na safe agogon Gana, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 9:27, rana tana daidai saman Ka'aba. Duk inda ka fuskanci ɓangaren da take a wannan lokaci, alƙibla ka fuskanta. Ka kafa sanda a miƙe, inuwarta za ta nuna kishiyar alƙibla, ba sai ka ɗaga ido ba.

Bawan_Allah_77:
Allah ya saka da alheri, Ustaz. To hoton jinjirin wata da kyamara ta ɗauka ido bai gani ba, ana ɗaukar azumi da shi?

Ustaz_Aboabo:
Wannan akwai saɓani a kai, kuma ba mu za mu yanke ba a nan. Mu jira sanarwar ofishin Babban Limamin ƙasa kamar yadda aka saba.

Yar_Madina:
A dawo kan maganar DanNima. Ina so ya daina kallon arewa ya juya kudu. Kudancin Ankara teku ce, ba fitila a cikinta. Muna digiri biyar da rabi kawai sama da ikwaita, saboda haka muna ganin abin da mutumin Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Omega Centauri, dunƙulen taurari miliyoyi, yana hawa wajen digiri 37 a kudu. Gajimaren Carina yana kai wajen 25, kuma ya fi na Orion faɗi. A Maris, kafin damina ta kankama, duka biyun suna samuwa da tsakar dare. Ka bi bakin teku ka fita gari ta wajen Ada.

Injiniya_Kanda:
Haka ne, amma tururin teku yana zama ƙasa-ƙasa, daidai inda Carina take. Ba kowane dare ba.

Kuma tunda an kawo matsayinmu, bari in faɗi ciwon kansa. Mai son buɗe kyamara minti ɗaya ko biyu dole ya sa ta a kan na'ura mai bin juyawar sama, ita kuma sai an saita ta da tauraron arewa. A Ankara tauraron nan bai wuce digiri biyar zuwa shida daga ƙasa ba, a Kumasi wajen bakwai. Katangar maƙwabci ma ta ɓoye shi, balle ƙura. Wasu manyan na'urorin kuma in ka kwantar da su haka, ƙarfen nauyinsu yana dukan ƙafar. Bidiyon da Turawa ke koyarwa ba ya kawo wannan don ba matsalarsu ba ce. Ni kamfas nake fara sawa, sannan in gyara da manhajar NINA, tana da hanyar saiti da hotuna uku ba sai ta ga tauraron ba.

Seestar_Gh:
Duk wannan wahalar ta mece ce? Ku sayi Seestar S50, 'yar na'urar hangen nesa mai kyamara a ciki. Ka ajiye ta, ka danna waya, ita za ta nemo abin, ta bi shi, ta ɗauki daƙiƙa goma-goma ta haɗa da kanta. Filtar rana ma a kwalinta take zuwa. Rana da safe, gajimaren gas da dare. Muhawarar ta ƙare.

Malam_Falaki_Tafo:
Ba ta ƙare ba. Na'ura ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma wanda ya fara da ita zai yi shekara bai san gabas da yamman sama ba. Kuma yaron nan yana da kyamara a hannu, fallen filta kawai ya rage masa. Me zai sa mu tura shi neman dala da kuɗin kwastan?

Seestar_Gh:
Malam, da girmamawa, wannan maganar ce ke korar mutane. Na kai ta makarantar Islamiyyar unguwarmu, yara sun ga tabon rana a allon waya, har yanzu suna tare ni a hanya suna tambaya. Da na tsaya sai na ƙware a saiti, da ba su gani ba.

Malam_Falaki_Tafo:
Wannan kam aikin lada ne, ban musa ba. Ina magana ne a kan mai son koyon sana'ar da hannunsa.

Injiniya_Kanda:
Abu ɗaya ga masu Seestar a ƙasarmu: in tana zaune a tsaye yadda ta zo, filin hoton yana juyawa a hankali, kuma juyawar ta fi tsanani kusa da ikwaita, musamman abin da ke saman kai. Shi ya sa kusurwoyin hoton Orion ke fita da duhu in an daɗe. Ka ɗauke shi kafin ya kai tsakiya ko bayan ya gota.

Maman_Asawase:
Ni ba na ɗaukar hoto, ɗana ne ya damu da abin. Akwai inda zan kai shi ya gani?

Yar_Madina:
Mma, a Ankara Dakta Jacob Ashong ya kafa Ghana Planetarium, ɗakin da ake nuna taurari, ki bincika ko suna buɗe da lokutansu kafin ki taso. A Kuntunse kuma akwai babban faranti mai faɗin mita 32, da na sadarwa ne aka mayar da shi na sauraron sama, aka ƙaddamar a 2017. Shi ba hoto irin namu yake ɗauka ba, amma yaro ya san akwai wannan a ƙasarsa. Ki sa masa Stellarium, manhajar da ke nuna taswirar sama, a waya kafin nan.

Walda_Suame:
Mu 'yan Kumasi muna da tafkin Bosomtwe kusa da mu. Dutse ne daga sama ya faɗo ya haƙa ramin, sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Duhu akwai shi can. Sai dai raɓa. Kafin tsakar dare gilashi ya jiƙe sharkaf.

Injiniya_Kanda:
Akwai ɗan ɗamara mai ɗumi da ake naɗa wa lens, da pawa bank take aiki. In kun dawo gida kuma kada a rufe lens da danshi a jaka, funfuna za ta ci gilashin daga ciki. Roba mai murfi da 'yan ƙullin silika.

DanNima_Hoto:
Na karanta duka, Allah ya bar zumunci. Har yanzu ina kan cewa da rana zan fara, don aikina na dare ne a wuraren biki, safiya ce tawa. Amma Yar_Madina ta sa zan gwada Orion ɗin a Nuwamba in gani da idona. Malam, wane lokaci ya fi da safe, kuma hoto ɗaya zan ɗauka ko da yawa?

Malam_Falaki_Tafo:
Tsakanin bakwai da rabi da tara, kafin kwanon rufi ya ɗau zafi. Da ya yi zafi iska tana rawa a kansa, hoton ya yi ta kaɗawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa. Kada ka harba ta saman kwano in akwai yadda za ka yi. Ka sa ISO na kyamara a kan 100, ka saita kaifi da hannu a kan gefen faifan ko kan wani tabo, ka manne zoben da salatif. Ka ɗauki da yawa a jere, manhajar PIPP ta daidaita su a tsakiya, ta AutoStakkert ta zaɓi masu kyau ta haɗa.

Yar_Madina:
Ka ga ai jibgawar ce dai a can ma. Wanda ya iya ta a rana ya iya rabin aikin dare.

Seestar_Gh:
Ko ya zo Mamobi in ara masa tawa ya gwada kafin ya kashe ko sidi ɗaya.

Abu_Fadama:
Fallen nan ɗaya zai ishi mutum nawa? In zai yanku uku, ni da DanNima da wani mu haɗa kuɗi a yi oda ɗaya. Lens ɗina bakinsa milimita 58 ne.

Hajiya_Nas:
In kun haɗa, ku tabbata daga dillali na gaske kuka saya, kuma ku karanta lambar da ke jikin kwalin da kanku. 5.0, ba 3.8 ba.

Zongo_Boy_Asawase:
Ku sa da ni. Amma ni waya kawai gare ni, akwai yadda za a ɗaura mata?